Gwaji da Lura a Binciken Ilimi: Tsokaci a kan Shirin Ife

Abin da wannan takarda ta sa gaba shi ne duba wani shahararren bincike da ma'aunin da muke koya wa ɗalibanmu a aji, watau bambancin binciken gwaji da wanda ba na gwaji ba.

A binciken gwaji, mai bincike ne yake sauya abu guda da hannunsa, ya bar sauran yadda suke, sannan ya auna abin da ya biyo baya. Yakan raba mutane rukuni biyu, na gwaji da na kwatanci, kuma ƙuri'a ce take rabon, kamar yadda Ronald Fisher ya shimfiɗa a littafinsa na 1935 bayan aikinsa a gonakin gwaji na Ingila. A ɗaya hanyar kuwa, mai bincike ba ya taɓa kome. Abin da ya tarar shi yake lura da shi, ya ƙirga, ya kwatanta. Wannan ba kasawa ba ce. Ta haka ne Doll da Hill suka nuna dangantakar shan taba da ciwon dajin huhu a 1950, domin babu mai imanin da zai sa mutane shan taba don ya ga wanda zai kamu.

To, mu komo gida. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani shiri a wata makarantar firamare da ke Modakeke. Rukunin gwaji an koyar da su kowane darasi da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda. Rukunin kwatanci sun yi shekara uku da Yarbanci, uku da Turanci. Rahoton aikin, wanda ya fito a littafi a 1989, ya nuna cewa yaran da suka yi karatu da harshen uwa ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin ma. Mu malaman Hausa mun daɗe muna kafa hujja da wannan sakamako, kuma ni ma ina son ya zama gaskiya. Sai dai so ba ya cikin ma'aunin bincike.

Babban raunin shirin shi ne ba harshe kaɗai aka sauya ba. Rukunin gwaji na farko an ba su ƙwararren malamin Turanci na musamman, alhali ɗaya rukunin malamin aji ne yake koya musu. Ke nan idan suka yi fice a Turanci, wa za a yaba wa, Yarbancin ko malamin? Abu biyu sun shiga tukunya ɗaya, ba a san wanda ya sa miyar daɗi ba. Bugu da ƙari, ajin da manyan jami'a suke yawan leƙawa, ga sababbin littattafai, ga horon malamai da kuɗin Gidauniyar Ford, ba ajin yau da kullum ba ne. Kulawar ita kanta tana iya ɗaga sakamako. Campbell da Stanley sun lissafta irin waɗannan ramuka tun 1963. Adalci ne a ce masu shirin sun farga, domin a 1973 sun faɗaɗa shi zuwa wasu makarantu, abin da ya ƙara masa ƙarfi. Duk da haka, hukuncinsa a kan Yarbanci ne. Kafin a ɗora shi a kan Hausa sai an sake gwajin a ajin Gumel ko Argungu, mai yara masu yawa da malami ɗaya.

Amma a kwatanta wannan da abin da ya faru daga baya. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar, yana mai kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi harshen uwa. Wannan lura ce tsagwaronta, ba tare da rukunin kwatanci ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare ba a 2025, balle ya zauna waɗannan jarrabawa. Ko da an ce tsohuwar al'adar koyarwa ake nufi, yankunan sun bambanta ta fuskar talauci, da ƙarancin ƙwararrun malamai, da rufe makarantu saboda rashin tsaro. Kuma malamin da yake fassara littafin Turanci da ka a gaban allo, ba shi ne tsarin da aka gwada a Ife ba. Doll da Hill sun bi sauran dalilai suna kawarwa kafin su tuhumi taba. Mai tuhumar harshen uwa ma wannan aikin yana wuyansa.

A ganina shirin Ife, duk da malaminsa na musamman, ya fi wannan hujja nauyi nesa ba kusa ba, domin shi an san inda rauninsa yake, ana kuma iya gyara shi a gwaji na gaba ta hanyar raba makarantu da ƙuri'a da daidaita malaman Turanci a rukunan biyu.