Ƙafar Bayan Land Cruiser 80: Aiki Mai Kyau da Inda Yake Neman Ƙari

A shekarar 1989 kamfanin Toyota ya nuna sabuwar Land Cruiser a bikin baje kolin motoci na Tokyo, aka fara sayar da ita a 1990. Ita ce wadda ake kira 80. An fi tunawa da ita saboda injinta, musamman 1HZ mai shan dizal, lita 4.2, silinda shida, wanda ya yi suna wajen jure wahala. Amma aikin da nake son yin bitarsa yana can ƙarƙashi, inda sai wanda ya kwanta a ƙasa yake ganinsa, wato yadda aka ɗaure aksil ɗin baya da casis. A ganina wannan ɗauri yana cikin ayyuka mafi kyau da aka taɓa yi wa motar daji, kuma duk mai niyyar canza hannayen da ke riƙe da aksil ɗin bayan motarsa da wasu masu kauri ya kamata ya fara sanin darajar abin da zai cire.

Yayarta, Land Cruiser 60, a kan sifirin mai falle-falle take zaune gaba da baya. Irin wannan sifirin aiki biyu yake yi: ya ɗauki nauyi, ya kuma riƙe aksil kada ya gusa. Yana da ƙarfi da sauƙin gyara, sai dai yana jijjiga fasinja, kuma ba ya barin taya ta sauka sosai cikin rami. Sifirin mai naɗi kuwa, wanda 80 take zaune a kansa, nauyi kawai yake ɗauka, riƙon aksil sai an nemo masa wasu ƙarafa. Ba Toyota ce ta fara wannan ba. Range Rover ta fito da sifirin mai naɗi tun 1970, Nissan Patrol Y60 ta biyo baya a 1987. Toyota ta makara wajen kawo shi ga babbar Land Cruiser, amma da ta tashi sai ta yi abin a natse. Ta ɗaure aksil ɗin baya da ƙarafa biyar: dogayen hannaye biyu a ƙasa, gajeru biyu a sama, da sanda guda da ta gitta daga gefe zuwa gefe, wadda ake kira Panhard da sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa.

Kowanne da aikinsa, kuma nan ne kyan tsarin yake. Idan direba ya taka totur, taya ta tura aksil gaba, aksil kuma ya tura motar ta hannayen ƙasa. Ke nan motar da ta haura tan biyu, da kayanta da mutanenta, waɗannan ƙarafa biyu ne suke tura ta daga baya. A daidai wannan lokacin gidan aksil yana neman juyawa baya, sai hannayen sama su riƙe shi, su hana bakinsa ɗagawa. Idan aka taka birki sai aikin ya juya: na ƙasa su ja, na sama su tokare. Sandar Panhard kuwa ita ke hana jikin mota zamewa gefe a kwana. Tun da waɗannan sun ɗauke wa sifirin wahalar riƙo, sai aka samu damar sa shi da laushi, taya ta riƙa bin ƙasa duk yadda ƙasar ta karkace.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne wanda aka fi rainawa, wato bushin ɗin roba da ke bakin kowane hannu. A tsaya a kalli 80 tana ƙetare kwazazzabo a karkace. Taya ɗaya ta shige can cikin mazauninta har ta kusa taɓa jiki, ɗaya kuma ta sauko tana laluben ƙasa, aksil ya jirkice, jikin motar yana nan kusan a miƙe. Hannun ƙarfe ba ya murɗewa haka. Robar ce take murɗewa a madadinsa, ta shanye karkacewar, ta koma yadda take. Ita ce kuma take shanye bugun hanya mai gargada kafin ya kai ga waldar da ta riƙe mazaunin hannu a casis. Ba ta neman giris, ba ta ƙara, ƙura ba ta samun ƙofar shiga cikinta domin manne take da ƙarfenta ciki da waje. Wanda ya tsara wannan ya yi tunanin motar da za ta yi shekaru nesa da gareji.

Zamani ya gaskata shi. Da aka fito da Land Cruiser 100 a 1998, Toyota ta ware wani samfuri mai suna 105 domin wurare irin Afirka da Ostireliya, ta bar masa kusan ƙafar 80 yadda take. Ƙungiyoyin agaji sun yi ta aiki da shi a ƙauyukanmu. Masu kai baƙi cikin Tenere da duwatsun Azbin daga Agadas su ma sun san 80 sarai, da jarkokin ruwa da na mai jibge a bayanta. Motocin da aka ƙera tun kafin 1997 har yau wasu suna yawo da hannayensu na asali.

Sai dai yabo ba zai hana faɗin aibi ba. Hannun ƙasa bututu ne marar kauri sosai, kuma a wurin da yake, gaban tayar baya, shi ne yake fara gaisawa da dutse. A rairayi ba ruwansa. A hanyar duwatsu kuwa, idan tayar gaba ta haye dutse ta sauka, sau da yawa a kan wannan bututun motar take zama. Wanda ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar 80 da ta sha daji zai ga alamar: fenti ya kankare, ƙarfen ya yi fari a tsakiya, ga ɗan lotsawa da bai fi faɗin babban yatsa ba. Wannan lotsawar ita ce mafarin matsala. Kamar karan dawa ne, muddin yana miƙe za ka iya tokare ƙofa da shi, amma da zarar ya sami rauni a gefe, turi kaɗan zai naɗe shi. Hannun da ya lotsa, ranar da aka cika kaya aka taka totur a hawa, ranar zai lanƙwashe. Daga nan aksil ya karkace, mota ta riƙa tafiya a gicciye, taya ta cinye gefe guda.

Aibi na biyu iyakar tsarin ne. An auna tsawon hannayen ne da tsayin motar na asali. Idan aka ɗaga ta da kamar milimita 50, tana jurewa ba tare da an taɓa su ba. Idan aka kai milimita 75 zuwa 100, hannayen sai su sunkuya, su janyo aksil gaba, bakin aksil ya daina fuskantar farfela yadda ya kamata, sandar Panhard kuma ta ja shi gefe. Direba zai fara jin rawar jiki daga ƙasa, kuros ɗin farfela ya riƙa mutuwa da wuri. Haka kuma tsarin ba na dakon kaya masu nauyin gaske ba ne. Toyota da kanta ta san haka, shi ya sa ta bar wa a-kori-kurarta ta 79 sifirin mai falle-falle a baya.

To, wanda zai sayi hannaye masu ƙarfi, me zai duba? Kamfanoni irin su Dobinsons da Superior Engineering a Ostireliya, da Slee Off-Road a Amurka, suna ƙera su domin 80. Shawarata ta farko ita ce a fara da hannayen ƙasa, domin na sama a ɓoye suke, dutse ba ya kai musu. A nemi bututu mai faɗi kuma mai kaurin bango. Ba dole ne ya zama curarren ƙarfe ba. Bututun da raminsa ya kai rabin faɗinsa yana da kusan kashi 94 cikin 100 na taurin curarre wajen lanƙwasa, alhali nauyinsa kashi 75 ne. Faɗi ke hana lanƙwashewa, kaurin bango ke hana lotsawa. A duba waldar da ta haɗa bututun da zoben bushin, domin a nan mai arha yake tsagewa.

Ta biyu, kuma mafi muhimmanci, a kula da abin da ke bakin hannun. Da yawa suna zuwa da bushin ɗin roba mai tauri, ja ko rawaya, mai ɗaukar ido a kanti. Irin wannan ba ya murɗewa sosai, zamewa yake yi a kan ƙarfe, don haka sai da giris. Giris kuwa idan ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya koma abin goge ƙarfe. Akwai kuma masu ƙwallon ƙarfe, waɗanda suke ba taya damar sauka ƙwarai, amma suna miƙa kowane bugu kai tsaye zuwa casis, kuma rairayi yana cin su har su fara ƙwanƙwasa. Hannu mai kauri da baki mai tauri ba ya kawar da ƙarfin bugu, tura shi gaba yake yi. Da can bututu ne yake lanƙwashewa, a kwance noti biyu a canza shi a gindin bishiya. Yanzu mazauninsa ne zai yage daga casis, sai an nemo mai walda. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ga motar da ke bin hanyoyinmu, hannu mai kauri wanda yake karɓar bushin ɗin roba irin na asali shi ne zaɓin da ya fi.

Ta uku, hannu mai zare da ake ƙara wa tsawo ba na kowa ba ne. Idan ba a ɗaga motar sosai ba, mai tsawon asali ya fi kwanciyar hankali, domin babu notin da gargada za ta sassauta. Idan an ɗaga ta, to ana bukatarsa, musamman a sama domin daidaita bakin aksil da farfela, tare da sandar Panhard mai zare. A auna na dama da na hagu su zo daidai, a riƙa duba notin kulle bayan kowace doguwar tafiya. Wanda aljihunsa bai kai ba, dabarar makanikanmu ta walda angil a ƙasan hannun asali tana aiki, muddin hannun a miƙe yake kuma an cire bushin kafin wuta ta taɓa shi. Kowanne aka sa, kada a ɗaure notin ƙarshe mota tana rataye a jak. A sauke ta a kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta tsage cikin ɗan lokaci.

Hukuncina shi ne injiniyoyin Toyota sun yi aikin da ya haɗa laushi da juriya da sauƙin gyara, abubuwa uku da ba kasafai suke zama wuri guda ba. Sun yi rowar ƙarfe a hannun ƙasa, wannan kuwa gyararre ne. Mai 80 ko 105 da ke shiga duwatsu ya ƙara kaurin waɗannan hannaye biyu, ya sayi bushin na asali ko da ya fi tsada, sauran kuma ya bar su yadda ya same su.