Likita Ya Ba Da Shaida, Amma Wa Zai Ji?

Ɗan sharhin nan nawa a kan littafin tarihin rayuwar Farfesa Idris Mohammed ne, mutumin Gombe, wanda ya rubuta da kansa aka buga a 2007, mai suna *Academics, Epidemics, Politics*.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai waƙar nan ya san abin da yake rerawa. Tun wajen 1981 ya buga bincike kan yadda allurar rigakafi ta gama-gari ke dakushe kaifin sanƙarau a Jihar Bauci. Da annobar 1996 ta ɓarke, shi ya jagoranci kwamitin Gwamnatin Tarayya na yaƙi da ita. Rahoton da suka buga daga baya ya ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu.

A nawa ganin, ƙashin bayan littafin shi ne batun Kano. A shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Farfesa ya nemi a nuna masa takardar izini, ya kuma kai kuka sama. Wannan shaidar ganau ce. Wanda ya karanta zai gane wani sashe na dalilin ƙin allurar shan inna a 2003.

To, ga inda nake da ja. Littafin da Turanci yake, Turancin ma na likitoci. Iyayen yaran nan fa? Mu a Dirin Daji ta ƙasar Zuru, da zarar zafin bazara ya kunno kai sai fargabar sanƙarau ta tashi. Manomin da ake roƙo ya miƙa hannun ɗansa ga mai allura shi ya fi kowa cancantar ya ji cewa akwai likita ɗan ƙasa da ya tsaya wa yara. Jita-jita da Hausa take yawo a kasuwa, shaidar kuwa tana kwance a kantar laburare.

Laifin ba na marubucin kaɗai ba ne. Ƙungiyarmu na da ɗaliban Hausa, makwabtanmu na karatun likita. Me zai hana mu nemi izini mu fassara ko da babin Kano ne? Allah ya ba mu iko, amin.