Birnin da Aka Zana a Takarda

Akwai iyaye da yawa a Nima da Mamobi, cikin birnin Ankara, waɗanda in sun ga yaro riƙe da littafi mai hoton kumbo ko mutum-mutumin ƙarfe a bangonsa, sai su ce ya ajiye ya ɗauko na lissafi. A ganinsu tatsuniyar Turawa ce, tatsuniya kuwa ba ta cin jarrabawa. Suna da gaskiyarsu, gama da yawa cikin littattafan nan harbe-harbe ne kawai a sararin sama. Amma akwai wani kashi da ya cancanci a tsaya a kansa, watau labaran da ke ƙaga wata ƙasa ɗungum, da dokokinta da masu mulkinta da na'urorinta, ko dai ƙasar da kome ya gyaru, ko kuwa wadda kome ya lalace. Mazaunin zango ya fi kowa bukatar irin wannan karatu, domin unguwarsa ce aka fi yawan zana wa sabon fasali ba tare da an tambaye shi ba.

Kakan waɗannan littattafai shi ne Utopia, wanda Thomas More, wani lauya na birnin Landan, ya wallafa da Latin a 1516. Shi ne mutumin da Sarki Henry na Takwas ya sa aka fille wa kai a 1535, don ya ƙi yarda sarki ya zama shugaban ikilisiya. Sunan littafin daga Helenanci yake, ma'anarsa kuwa wurin da babu shi. Tsibiri ne mai birane 54, dukansu fasali ɗaya. Sa'a shida kaɗai ake aiki a yini. Ba mai mallakar gida, kowace shekara goma akan jefa ƙuri'a a yi musayar gidaje. Zinariya ba ta da daraja a wurinsu, da ita suke ƙera kaskon fitsari. Magidancin da ke kwana da iyalinsa duka a ɗaki ɗaya na haya, mai gida kuma yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, in ya karanta wannan sai ya ce ina ma a kai shi can.

To, sai ya ci gaba da karatu. A tsibirin nan akwai bayi, da zinariyar nan ce kuma ake ƙera musu sarƙa. Ba mai fita daga yankin garinsu sai da takardar izini. Wanda aka kama ba takarda a hore shi, in ya sake a mai da shi bawa. Abin da ya fi nauyi shi ne, idan mutane suka yi wa tsibirin yawa, sukan ƙetara zuwa ƙasar maƙwabta su kafa gari, wanda ya ƙi bin dokarsu su kore shi, suna cewa yaƙin halal ne a karɓe ƙasa daga hannun wanda ya bar ta banza. Masana sun daɗe suna gardama ko More yabon tsibirin yake yi ko ba'a. Ko wanne ne, gwanintar littafin tana nan: yakan bar mai karatu ya yi sha'awar birnin tukuna, sa'an nan ya nuna masa wanda aka taka kafin birnin ya tsaya.

George Orwell ya shigo ta ƙofar baya. A littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949, ba a hango birnin daga sama, a ƙasa ake, tare da wani ƙaramin ma'aikaci, Winston Smith. Aikinsa a Ma'aikatar Gaskiya shi ne gyara tsofaffin jaridu su dace da abin da hukuma ke faɗi yau. Wanda hukuma ta yi fushi da shi, ba kashe shi kaɗai ake yi ba, share sunansa ake yi daga kowace takarda, ya zama kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Littafin yana da aibinsa. Talakawa, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar, Orwell bai ba su baki ba sosai, ya bar su da giya da caca. Duk wanda ya ga yadda zango ke haɗa kuɗin jana'izar baƙo cikin yini ɗaya zai ce marubucin bai san talaka ciki da bai ba. Duk da haka dattawan Nima ba sa bukatar a fassara musu batun takarda. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su san wani gida ba, suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar. Abin bai tsaya ga Gana ba, gama Nijeriya ma ta yi wa 'yan Gana haka a 1983.

A shekarar 1969 ɗin nan ce aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin sama ya ɗauka yawo. Ya kamata a yaba masa, domin ya nuna Hausa tana iya ɗaukar kumbo da taurari. Sai dai ya fi karkata ga ban mamaki da horon yara, bai tsaya bincikar yadda ake mulkin jama'a ba. Ta wannan fuska Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa wani littafin Orwell a 1975, ya fi cizo, ko da yake labarin aladu ne da dawakai.

Na kusa da gida shi ne Major Gentl and the Achimota Wars na Kojo Laing, wanda ya fito a 1992. Ya ɗora labarinsa a shekarar 2020, a Achimota, tafiyar tiroturo ɗaya daga Nima, inda birnin ke yaƙin neman ya wanzu. Turancinsa yana da wuya ƙwarai, ba na ɗan firamare ba ne. Amfaninsa shi ne ya sa ɗan Ankara ya ga garinsu a cikin labarin gobe, maimakon kullum Landan ko Amurka.

Mai bi da Littafi Mai Tsarki ba baƙo ba ne ga wannan hanya ta magana. Hasumiyar Babila labarin mutane ne masu tubali da dabara da harshe ɗaya, Ru'ya ta Yohanna kuwa ta jera birni biyu, ɗaya na halaka, ɗaya sabo. Bambancin shi ne sabon birnin daga sama yake saukowa, ba ɗan kwangila ke gina shi ba. Biranen More da Orwell na hannun mutum ne, saboda haka halal ne a bincike su kamar yadda ake binciken awon mai sayar da hatsi.

Binciken kuwa yana da wurin aiki. A 2015, bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni a Circle, an rushe gidaje masu yawa a Old Fadama, unguwar da masu ƙyamarta suka laƙaba wa suna Saduma da Gwamrata tun kafin motar rusau ta iso. A 2021 an share kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie, aka mai da masu albasa Adjen Kotoku, nesa da masu sayensu. A 2019 Shugaba Akufo-Addo ya yi shelar za a sake gina Nima ta zama unguwar zamani. Ya sauka a Janairu 2025 ba a gina ba. Ba wanda ke son babban kwatamin da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi ya dawwama yadda yake, wani shirin kuma zai sake zuwa da hotunan benaye da itatuwa. Ran nan yarinyar da ta karanta More za ta duba hoton ta nemi inda aka sa mai waké da shinkafa ta bakin titi, da ɗan haya wanda sunansa ba ya cikin takardar fili, ta kuma tambaya wa zai riƙe jerin sunayen waɗanda za a ba ɗaki.