Jinjina ga Makanikan Madawa

A garajojin Madawa, bakin babbar hanyar Konni zuwa Maradi, har yau ana farfaɗo da Peugeot 504, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Irinta ce ta daɗe tana jigilar albasa da 'yan kasuwa tsakanin Madawa da Buza da Keita.

Gwanintar makanike tana bayyana ne ranar tayar da injin da aka wargaza aka sake haɗawa. Ba ya gaggawa. Sai ya cire buji huɗun, ya juya injin haka nan har baƙin mai ya zagaye ko'ina, don kada sabbin ƙarafa su gogi juna a bushe. Sannan ya mayar da bujin, ya ɗiga fetur a karbureta, ya ce wa yaronsa: "Murɗa!" Injin ya yi tari, ya turnuƙe da hayaƙi, ya kama.

Nan maigida zai kafa sukurdireba a jikin injin, ya ɗora kunne kan mariƙinta. Ƙara ɗaya in ta saɓa, a kashe, a sake buɗewa, ko mai mota na ta ƙorafi. Lallai makanikan nan sun cancanci yabo, domin kayan gyaran ma sai an nemo su daga Maradi ko Kano.