Mdou Moctar: Bahagon da ya ari muryarmu ya tafi da ita

Mai karatu, wannan watan sai ka yi mini uzuri. Na san ka saba in ka buɗo wannan shafi ka tarar na tasa wani fim a gaba ina feɗe shi. To yau kiɗa na kawo maka, kiɗan ma na Buzaye, da jita mai lantarki, irin wadda in na ƙure ta a ɗaki tsohuwata a Furfuri kan leƙo ta ce, "Kai, kashe muna wanga injin niƙa!" Amma kada ka yi saurin juya shafi. Akwai fim a cikin maganar, akwai kuma wani bashi da nake ganin mu masu sharhin finafinan Hausa mun ci ba mu biya ba.

Ina ɗan sakandare na fara jin mutumin, a teburin wani Buzu mai shayi kusa da tasha a Gusau. Wata 'yar waya ce da aka ɗaure da kyauro take ta rera waƙa. Kiɗan namu ne sak: gangar kwamfuta, da muryar nan da ake murɗawa har ta koma kamar ana busa sarewa ta hanci. Na kasa kunne in ji ko Sadi Sidi Sharifai ne ko Fati Nijar, sai na ji ko kalma ɗaya ban gane ba. Na tambayi mai shayin wane fim ne wannan, ya yi dariya ya ce ba fim ba ne, wani yaro ne daga wajensu. Ya tura mini ta Bluetooth. Waƙar ta yi shekaru a memorina ba suna ba komai, sai da na shiga foliteknik a Ƙauran Namoda na gano sunanta "Tahoultine", mai ita kuma Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

Ba banza kunnena ya ruɗe ba. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. E, Sakkwato tamu, wadda in ka hau mota daga Bunguɗu da safe za ka ci abincin rana a cikinta. Yaron ya taso ne a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wajejen Abalak da Cintabaraden, a gidan da ba a son jin zancen kiɗa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Ga shi bahago. Da ya tashi neman sutudiyo sai ya tsallako Nijeriya, ya faɗa hannun masu haɗa kiɗa irin na waƙoƙin finafinanmu, suka yi masa abin da suka iya: Auto-Tune a murya, gangar na'ura a ƙasa, jitarsa ta katako a tsakiya tana lallaɓawa.

Ka tuna wane lokaci ne wannan. A 2007 aka yi abin da aka yi a Kano, aka dakatar da shirya fim na watanni, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta sa wa rawa da waƙa ido. A jaridu da mujallu kuwa, yayyenmu a wannan sana'a ta sharhi ba abin da ba su faɗa ba a kan kiɗan fiyano: ba namu ba ne, kwaikwayon Indiya ne, ya kashe kalangu da kukuma. Ni ma da na fara rubutu na bi sahu, har na taɓa kiran sa kiɗan gwangwani. To a daidai lokacin da ake yi wa kiɗan nan tofin Allah tsine, wani baƙo ya zo ya ɗebi irinsa ya tafi da shi hamada, ya kuma tsira.

Anar bai fito kasuwa a lokacin ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsince shi a memorin mutane, ya sa "Tahoultine" a cikin tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin Sahara. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar. A 2014 kamfanin ya buga Anar a faifai. Shi dai wannan Kirkley ya zo har Kano, ya tattara waƙoƙin finafinanmu ya fitar da su a 2013 da sunan Harafin So. Ka ji fa. Abin da muke jin kunyarsa, wani ya hau jirgi ya zo nema.

In ka tambaye ni, Anar ba shi ne gwanin kundayensa ba, amma shi na fi ƙauna. Akwai kaɗaici a cikinsa. Muryar da na'ura ta murɗa, wadda a finafinanmu muka saba jin ta a lambu saurayi na bin budurwa, a nan sai ta zama kamar kukan wanda dare ya yi wa a daji. Ban taɓa sanin Auto-Tune na iya sa mutum baƙin ciki ba sai a nan. Laifin kundin ɗaya ne: gangar ba ta numfashi. Yadda ta fara haka za ta ƙare, kamar agogon bango.

Afelan na 2013 a gida aka ɗauke shi, a Cintabaraden. Wani ɓangaren a zaune cikin natsuwa, wani kuma a filin biki, lasifika na kururuwa kamar za ta yage. A nan aka fara jin bahagon na gaskiya. Sousoume Tamachek na 2017 kuwa shi kaɗai ya kaɗa komai. Yana da daɗin ji da dare, amma ba zan ɓoye maka ba, sau biyu ina yin barci kafin ya ƙare.

Yanzu ga fim ɗin. A 2015 Kirkley ya ba da umarnin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, Mdou ne jarumi, an ɗauka a Agadas da harshen Tamashek. Wankiya ce tsagwaronta ta Purple Rain, fim ɗin mawaƙi Prince na 1984. Sunan ma abin dariya ne: wai da yake babu kalmar shunayya a harshen, sai aka ce "ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki". Labarin kuwa ko a Kano aka rubuta shi sai haka: saurayi makaɗi a kan babur, uba mai tsananin riƙo da addini wanda ba ya son ganin jita a gidansa, budurwa, abokin hamayya, sai gasa a ƙarshe. Wasan 'yan wasan da sauƙi-sauƙi ne, wasu fitowar ma kana gani ka san mutum jira yake a ce masa ya yi magana. Soyayyar ba ta da gishiri; duk wanda ya karanta littafin Bilkisu Funtuwa ko na Balaraba Ramat zai ce wannan ai ba a fara ba.

Duk da haka an zagaya da shi bukukuwan finafinai na ƙasashen Turai da Amurka ana tafa masa. Da farko abin ya ba ni haushi. Mu in mun wanki fim ɗin Indiya a ce mun yi sata, su sun wanki na Amurka an ce fasaha? Sai da na sake kallo na ga inda suka fi mu. Na ɗaya, ba su ɓoye ba, tun daga sunan fim sun faɗi inda suka ɗauko. Na biyu, ƙashin labarin kawai suka ara, naman duk na Agadas ne: lungunan jar ƙasa, shayi a kan gawayi, samari na musayar waƙa ta waya, rawani da babbar riga a kan babur. Ba wanda ya sa kayan Prince. Mu kuwa sau nawa muka ga Bahaushiya na rawa a cikin ruwan sama don kawai an ga wata ta yi a Bombay?

Daga 2019 labarin ya sauya, domin sunan Mdou Moctar ya tashi daga na mutum ɗaya ya koma na ƙungiya. Ilana: The Creator a birnin Detroit aka ɗauke shi da cikakkun makaɗa. Ahmoudou Madassane na riƙe da jita ta biyu, wani Ba'amurke Mikey Coltun na kaɗa jita mai kaurin murya, shi ne kuma ya zama mai haɗa musu sauti. Daga baya Souleymane Ibrahim ya zauna a kan ganguna. Saurari "Tarhatazed". Tana farawa kamar raƙumi na tafiyar kasaita, kafin ka ankara ganguna sun fara sukuwa, jitar ta bar waƙa ta koma ihu. Turawa na kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, da Eddie Van Halen saboda yadda yake ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsu a wuyan jita. Ni kuwa abin da kunnena ya jiyo mini shi ne kukumar Hassan Wayam in ta yi zafi, lokacin da tsirkiya ke ƙwace magana daga bakin mawaƙi. Ginin ma irin namu ne: jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, a yi ta juya abu ɗaya ana ƙara masa wuta har sai ƙafa ta motsa da kanta. Wanda ya taso da jin Ɗanƙwairo da Kassu Zurmi ba zai yi baƙunta a nan ba.

Afrique Victime, wanda kamfanin Matador ya fitar a watan Mayu 2021, shi ne sarkinsu, ba na ko tantama. A nan ne ƙarfi da taushi suka daidaita. "Chismiten" ta buɗe da ƙarfinta, "Tala Tannam" ta zo a hankali kamar ana lallashin yaro, "Layla" kuma gaisuwa ce ga Abdallah Oumbadougou, makaɗin da Mdou ya gani yana yaro har ya yi sha'awar jita, wanda ya rasu a 2020. Sai waƙar da aka sa wa kundin sunanta, minti bakwai da wani abu, kuka a kan yadda ake cin zalin Afirka. Rabinta na ƙarshe babu magana, jita ce kawai ke yin abin da baki ya kasa.

Ina da dalilina na kaina a kan wannan kundi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Muka zauna makonni ba kira ba saƙo, ba ka san halin da ɗan'uwanka ke ciki a Tsafe ba, sai dai jita-jita. Allah ya sa na riga na sauke kundin a wayata. Da yamma in mun zauna a dakali, samari kan miƙo wayoyinsu in tura musu, ta hanyar nan dai da mai shayi ya tura mini tun ina yaro. Ba mai jin Tamashek a cikinmu. Amma ranar da na sa waƙar nan ta bakwai da wani abu, wani abokina da aka sace wa ƙane ya ce in mayar da ita farko. Sau uku muna ji, ba wanda ya ce uffan.

Funeral for Justice na watan Mayu 2024 shi ne mafi zafi, wato jana'izar adalci. An gama ɗaukarsa kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, amma ka ce sun hango. "Oh France" ta fuskanci Faransa kai-tsaye, ƙasar da ta yi shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali garuruwan Nijar da dama na kwana cikin duhu. "Imouhar" kuma kira ne ga Buzaye kada su bar harshensu ya mutu. Saƙon ya yi. Sai dai a nan nake da ƙorafi. An cika wuta. Kusan kowace waƙa da gudu take farawa, ba a bar wa kunne wurin hutawa ba, kuma a wasu wuraren ina jin kamar an haɗa sautin ne don manyan filayen wasa na Amurka, ba don filin biki a Agadas ba. Yaji in ya yi yawa, ba ka jin ɗanɗanon miya.

Kamar sun ji ni. Juyin mulkin ya rutsa da su suna yawon wasa a Amurka, iyakoki a rufe, ba damar komawa gida. A cikin wannan zaman jiran suka shiga sutudiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin nan da jitar katako, aka fitar a watan Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin su ne dai, amma fushin ya koma hawaye. "Imouhar" ta nan ta fi ta farko tsawo, ta kuma fi ta shiga jiki nesa ba kusa ba. Ka ji mutanen da ba su san ranar da za su ga iyalinsu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, daga Anar zuwa yau shi ya sauya salo ya kai sau biyar, ya gwada wannan ya watsar ya gwada wancan. Mu fa? An sauya fiyano an koma kwamfuta, muryoyi sun ƙara kyau, amma ka ɗauki waƙoƙin fim goma na bana ka jera, da wuya ka rarrabe kiɗan ta uku da ta bakwai. Na yarda akwai masu ƙoƙari, kuma na san furodusa ba ya son a yi masa gwaji da kuɗinsa. Amma har yanzu ban ga daraktan da ya ɗauko mai kukuma ko mai gurmi ya haɗa shi da lantarki ya ce a yi abin da ba a taɓa ji ba. Su waɗanda suka haɗa Anar a Sakkwato ma, da mun ɗauki aikinsu da daraja, da yanzu an yi hira da su a wannan mujalla.

In za ka nema, kada ka fara da Funeral for Justice, zai kore ka. Fara da Anar, don za ka ji kamar kana gida. Daga nan ka tsallaka Afrique Victime, ka sa abin ji a kunne, ka bari sai bayan isha'i. Fim ɗin kuwa ka kalle shi da abokai, ku yi gardama a kan ko wankiya ce ko ba wankiya ba. Tsohuwata dai har gobe injin niƙa take kiran sa, amma ran nan na sa "Tala Tannam" tana tankaɗe a tsakar gida, ban ji ta ce a kashe ba.