A KAN TEBUR, A JIKIN BANGO

Ya ku 'yan makaranta, zancenmu na yau na wata 'yar kalma ce ta Turanci, wadda ba ta wuce haruffa biyu ba, amma ta ɓata Hausar mutane da yawa. Kalmar nan ita ce "on". Tun ran da yaro ya fara Turanci malami ya kan ɗora littafi bisa tebur, ya nuna, ya ce ma'anarta ke nan, "a kan". Yaro ya riƙe. Malamin bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa, ragowar rabin kuwa shi ya ke ta haifar mana da ɓarna.

Ga irin abin da mu ke gani cikin takardun insha'in da mu ke dubawa. Wani ya rubuta, "Akwai taswira a kan bangon ajinmu." Wani ya ce, "Amarya tana da zobe a kan yatsanta." Wani kuma, "Za mu koma makaranta a kan Litinin." Har mun ga wanda ya ce, "Lokoja tana kan Kwara." Ku kai wa kakarku maganganun nan ku ji. In kun ce mata taswira tana kan bango, sama za ta ɗaga kai ta duba, can inda ƙadangare ya ke shan hantsi. In kun ce Lokoja tana kan Kwara, sai ta yi salati, ta tambaya ko mutanen garin sun tsira. Ita abin da ta sani, taswira tana jikin bango, zobe yana yatsa, makaranta ran Litinin za a koma, Lokoja kuwa tana bakin Kwara, inda Binuwai ta zo ta same ta. Masu waɗannan takardu da Turanci su ka yi tunani, sa'an nan su ka sa masa rigar Hausa.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, bari mu duba yadda Hausa ta ke nuna wurin abu. Tana da 'yar kalma guda, "a", wadda ba ta faɗin kome sai cewa abu yana wuri kaza: a kasuwa, a Kano, a hannu. In ana so a bayyana sosai, sai Bahaushe ya ɗauki sunan wata gaɓa ta jikinsa ya ba abin. "Kan" ba wani abu ba ne illa kai: kan tebur, watau kai na tebur. Haka cikin ɗaki daga ciki, bayan gida daga baya, gaban sarki daga gaba, bakin kogi daga baki, gindin itace daga gindi, jikin bango daga jiki. Har lokaci ma an ba shi gaɓa, shi ya sa mu ke cewa goshin magariba. To, wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa taswira ba ta zama a kan bango. Kai a sama ya ke. Abin da ke manne a tsakiyar bango kuwa ba a kansa ya ke ba, a jikinsa ya ke.

Mun ji waɗansu daga cikinku suna cewa wannan alamar talaucin Hausa ce, wai don ba ta da isassun kalmomi shi ya sa ta ke aron kai da ciki da baki. Ba za mu yi musu da baki kawai ba. Ku zo mu zaga duniya da abu uku a hannu: ƙoƙo bisa tebur, da hoto a bango, da zobe a yatsa.

Mutumin Ingila kalma guda ya ke sa wa duka ukun, "on". Ku ƙetare ruwa kaɗan zuwa Holan, maƙwabtansa ne, harshensu ma dangin juna ne, amma su kalma uku su ke da ita: "op" ga ƙoƙo, "aan" ga hoto, "om" ga zobe, don zobe kewaye yatsa ya yi. Mutumin Jamus biyu gare shi: "auf" ga abin da a ka ɗora bisa wani, "an" ga abin da ke jikin wani, da hoto da zobe duka. Ku lura, wannan shi ne bambancin "kan" da "jikin" na Hausa, kusan daidai wa daida. Mutumin Sifen kuwa ya wuce na Ingila haɗawa, gama da "en" ɗinsa guda ɗaya ya kan faɗi abu ukun nan, ya kuma ƙara da ruwan da ke cikin tulu, ko da ya ke yana da "sobre" in yana so ya ce lalle a sama abin ya ke. Ashe ko Turawa a junansu ba su shirya a kan maganar ba.

Waɗanda su ka yi karatun zaure a cikinku sun san "ala" da "fi". Ajurumiyya, littafin nahawun da Ibn Ajurrum mutumin Fas ya wallafa, wanda ya rasu a 1323, ta lissafa su cikin haruffan da ke sa wa suna wasalin ƙasa, ta ware "fauƙa" da "tahta" ta sa su cikin zarafin wuri. Balarabe ya kan sa "ala" ga ƙoƙo bisa tebur da hoto a bango, kamar Bature. Amma da an zo zobe sai su rabu, shi ya ce "fi", watau zoben yana cikin yatsa. Mutumin Finlan ma haka ya ke gani, "sormessa" ya ke cewa, cikin yatsa. Zobe ɗaya, yatsa ɗaya: wani ya ce a kai, wani ya ce a kewaye, wani ya ce a jiki, wani ya ce a ciki, Bahaushe ya ce a yatsa ya huta. Wa za a ce ya yi kuskure? Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Har mazaunin kalmar cikin magana ba ɗaya ba ne. Sunan da nahawun Turawa ya ba irin waɗannan kalmomi daga Latin ya fito, ma'anarsa abin da a ka ajiye a gaba, don a harsunansu gaban suna su ke zuwa. Amma wani malami, Matthew Dryer, ya bincika harsuna fiye da 1,000, ya tarar masu sa kalmar a bayan suna sun ɗan fi masu sa ta a gaba yawa. Mutumin Japan ya kan ce "tsukue no ue ni", in an bi shi kalma kalma, tebur, na, sama, a. Waɗansu ma ba kalma ce dabam ba gare su, ɗan wutsiya ne da a ke liƙa wa suna. Tebur da Turkanci "masa" ne, "masada" kuwa a tebur. Da Sawahili "meza" ne, "mezani" a tebur, in ana son bayani a ce "juu ya meza". A Finlan tebur "pöytä" ne, a kan tebur "pöydällä", gida "talo", cikin gida "talossa", suna guda yana iya juyawa har siga 15.

To, aron gaɓoɓin jiki fa, mu kaɗai mu ke yi? Ko kusa. Ku tambayi abokan karatunku Yarabawa. "Orí" shi ne kai, "lórí" a kan. "Inú" shi ne ciki, "nínú" a cikin. "Ẹ̀yìn" baya, "lẹ́yìn" a bayan. Can ƙasar Meziko akwai mutanen da a ke kira Mistek, sun fi mu nisa cikin wannan hanya. Tsuntsun da ya sauka bisa itace, a kan itacen ya ke, kamar namu. Amma mutumin da ya hau rufin ɗaki, a gadon bayan ɗakin ya ke, don sun ɗauki ɗaki kamar dabba mai ƙafa huɗu. Kyanwar da ta kwanta bisa tabarma kuwa, a fuskar tabarma ta ke. Turancin nan ma da ku ke ganin ya tsira, bai tsira ba. Cikin "ahead" akwai kai, cikin "beside" akwai gefen jiki, "front" kuwa asalinta kalmar Latin ce mai nufin goshi. Nasu ya daɗe ne har ya lashe, kamar tsohon kwabo da rubutunsa ya goge. Namu har yanzu ana karanta shi sarai.

Akwai kuma harsunan da ba su ɗora nauyin a kan 'yar kalmar ba sam, aikatau su ka ba. Tseltal, ɗaya daga cikin harsunan Maya na Meziko, kalmar wuri guda tak gare shi, "ta", kamar "a" tamu. Sauran bayani duk yana cikin faɗin yadda abin ya zauna, ko tsaye, ko kwance, ko kife. Mutanen Koriya kuma abin da su ke dubawa shi ne ko abu ya shiga ɗan'uwansa cif. Zura zobe a yatsa da rufe alƙalami da marfinsa duk "kkita" ne, jefa lemo cikin kwano "nehta", ɗora ƙoƙo bisa tebur "nohta". Soonja Choi da Melissa Bowerman sun nuna a 1991 cewa yaran Koriya da na Turawa, tun wajen shekara biyu da haihuwa, kowa ya riga ya kama rabon harshen uwarsa. Nan ma Hausa ba a bar ta baya ba. Ba mu cika cewa abu yana wuri kurum mu yi shiru ba. Riga tana rataye, tsani yana jingine, ƙwarya tana kife, tabarma tana shimfiɗe, takarda tana manne, tukunya tana girke. Marubucin da ya watsar da waɗannan duka ya rungumi "a kan" ya sayar da doki ya sayi kara.

Kada ku ce tun da haka ne abin ba shi da kan gado, kowa ya yi yadda ya ga dama. Ita Bowerman ɗin nan da Eric Pederson sun shirya zane 71 a 1992, a ka riƙa nuna wa masu harsuna fiye da 30, ana tambayarsu ina abu kaza ya ke. Sai a ka ga wuraren nan jere su ke kamar matakan tsani: daga abin da a ka ɗora bisa wani, zuwa abin da ya manne, zuwa abin da ke rataye a jiki, zuwa abin da ke haɗe kamar mariƙin ƙofa ko ɗan itace a reshe, har zuwa abin da ke ciki ɗungum. Kowane harshe yana yanka tsanin inda ya so, amma matakan da ke maƙwabtaka ya ke haɗawa cikin kalma guda, ba ya tsallake na tsakiya. Idon ɗan Adam ɗaya ne, wurin yanka ne ya bambanta. Turanci ya bar "on" ta ci matakai da yawa. Hausa ta tsai da "kan" tun a matakin farko, ta miƙa wa "jikin" da "a" sauran.

Yanzu sai hukunci. Laifi na farko na jerin kalmomin nan ne da a ke bugawa a ƙarshen littattafan koyon Turanci, inda a ke ajiye kalma a hagu, kalma a dama, kamar awon gero, mudu da mudu. Wannan yana iya yiwuwa ga doki da akuya, amma ba ya yiwuwa ga kalmomin wuri. Manyan ƙamus ba su yi wannan gajerce ba. Ku buɗe na Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ku ga yadda su ke bin kalma da misalai, don sun san ba a gane ta sai a cikin magana. Laifi na biyu na masu fassara ne cikin gaggawa, waɗanda ku ke karantawa kullum har kunnenku ya saba. Na uku naku ne, in kun ji wannan ba ku gyara ba.

Amma mu yi adalci, kada gudun gara ya kai ku gidan zago. Ba mu ce ku kori "a kan" daga rubutunku ba. Tana da gonarta mai faɗi, har inda babu tebur ko kai. Mutum yana kan hanya, yana kan aiki, sarki yana kan gado. An yi shari'a a kan gona, an sayar da rago a kan kuɗi kaza, an tambayi mai fushi a kan me. Duk Hausa ce tsantsa, wani wuri ta dace da Turanci, wani wuri ta saɓa. Abin da mu ke ƙi shi ne a sa ta don kawai Bature ya sa tasa a nan. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga aikin da mu ka ba ku. Ku ɗauko insha'inku na makon jiya, ku ja layi ƙarƙashin kowace "a kan". Ga kowace ɗaya ku tambayi kanku: abin nan yana da kai, a kan nasa kuma ɗayan ya ke? In ba haka ba, da wace kalma tsohuwarku za ta faɗe shi? Sa'an nan ku ɗauki ƙoƙo da hoto da zobe ku je wurin abokanku Filani da Barebari da Nufawa da Yarabawa, ku rubuto yadda kowa ya ke faɗa. Bafilatani zai ba ku "dow" da "nder", ku bi shi ku ga inda ya yanka tsaninsa. Wanda ya yi wannan zai ƙaru ta fuska biyu, gama ranar da ya daina cewa taswira tana kan bango, ran nan kuma zai daina ce wa Bature hoto yana "in the body of the wall".

Allah ya ba ku basira, ya sa karatunku ya amfane ku, ya amfani harshenku. Amin.