Sai An Cuci 'Ya Mace Sannan Za Ta Yi Ƙarfi?

'Yan uwana mata, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da jaruman mata na finafinan faɗa. Duk wadda ta kalli fim ɗin Indiyan nan, Khoon Bhari Maang na 1988, ba za ta manta da Rekha ba. Baiwar Allah mai haƙuri, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ta sake auren wanda dukiyarta kawai yake hari. Ya tura ta ruwa, kada ya yi mata kaca-kaca da fuska. Sai da likita ya gyara fuskar, sannan ta dawo ta ɗauki fansa. Mun yi kuka, mun yi tafi.

Haka ma fim ɗin Amurka, Kill Bill na 2003. Sai da aka harbi jarumar a ka tana ɗauke da ciki, ta yi shekara 4 a sume, sannan ta ɗauki takobi. To, abin tambaya shi ne, wai mace ba ta da ƙarfin zuciya ne sai an fara wulaƙanta ta?

Wata marubuciyar littattafan yara 'yar ƙasar Suwidin, Astrid Lindgren, ta nuna ba haka ba ne. A 1941 'yarta Karin na kwance ba lafiya, ta ce a ba ta labari, uwar ta ƙago mata wata yarinya mai suna Pippi. Littafin ya fito a 1945. Pippi shekarunta 9, ba uwa, uban kuma yana can kan teku. Tana zaune ita kaɗai da doki da biri, kuma ƙarfinta ya kai ta ɗaga dokin nan cak. Amma babu wanda take bi bashin jini. In ta ga ƙatti sun taru a kan ƙaramin yaro, sai ta ɗauke su ta rataye a bishiya, ta yi tafiyarta. Ɓarayi sun shigo mata, ta gwada musu ƙarfi, ta kuma ba su abinci.

Ba wai littafin ba shi da aibu ba ne. Bakin Pippi ya fi ƙarfinta, malamar makaranta ma ba ta tsira ba. Akwai kuma kalmar raina baƙar fata da gidan talabijin na ƙasar ya cire daga wasan a 2014. Sai dai marubuciyar ba a takarda kawai ta tsaya ba. A 1978 ta yi jawabi a Jamus kan a daina dukan yara, a 1979 kuma ƙasarta ta zama ta farko a duniya da ta hana shi da doka.

Abin takaicin, da wani ɗan ƙasarsu, Stieg Larsson, ya ƙiyasta yadda Pippi za ta zama in ta girma, sai ya samar da Lisbeth Salander a littafinsa na 2005, wanda aka mayar fim. Ita ma sai da aka keta mata haddi kafin ta rama. Kun ga an koma gidan jiya.

Mu ma masu rubutu ba mu fita ba. Jarumarmu ko dai ta yi ta kuka har shafin ƙarshe, ko kishiya ta gasa ta har ta zama muguwa. Yarinyar da ta tashi da irin wannan karatu, darasin da za ta ɗauka shi ne ta yi shiru har sai an kai ta bango.

Don haka 'yar uwa, in za ki ba 'yarki labari da dare, ba ta na yarinyar da ta san darajar kanta tun ba a taɓa ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.